Zarton Ustad Sikandar

Duk wanda ya taɓa fita fatsa daga kulob ɗinmu na bakin mashigin Korangi a Karachi ya san ba a hawa jirgi sai an bi ta teburin Ustad Sikandar. Ɗan tebur ne na katako, ƙafarsa ɗaya ta gaza, an tokare ta da marfin kwalba. Kowace Lahadi, tun rana ba ta yi zafi ba, za ka tarar da shi zaune a bayansa da awartaki da magagari, ga gilashin nan na masu gyaran agogo maƙale a idonsa na dama. Kowa ya zo sai ya zube ƙugiyoyinsa. Shi kuwa ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ya kama ɗan haƙorin nan da ke bayan tsini, wanda ke hana ƙugiya fita daga bakin kifi, ya danne shi har ya kwanta, ya goga masa magagari. Sannan ya soka ƙugiyar a gefen rigarsa ya zare. In ta fito sumul, ta wuce. In ta jawo zaren riga, a sake. Shi ya sa duk rigunansa gefen hagu ne ke fara mutuwa.

A wannan tebur ba sani ba sabo. Na ga ya mayar da alƙali mai ritaya baya, na ga ya zazzage akwatin wani dillalin motoci da ya ɓoye ƙugiyoyi uku a ƙarƙashin abincinsa. Mutum ɗaya ne kawai ke iya tsokanarsa ya kwana lafiya, wato Rustam, sakataren kulob, wanda suka shekara arba'in suna faɗa suna shan shayi tare.

"Ustad, ga haƙoran na kawo a cire," in ji Rustam, yana dire akwatinsa. "Kai da likitan haƙori ka zama, da yanzu kana da gidan sama."

"Naka da suka zube ai ba ni na cire ba, Rustam Bhai. Miƙo na aljihun ma."

"Wane aljihu?"

"Wanda ka dafe da hannu."

Asalinsa mai gyaran agogo ne a unguwar Saddar, a wani shago da bai fi mutum biyu su tsaya ba, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Ido ne ya kawo shi teku. Yana da shekara ashirin da takwas kansa ya fara ciwo saboda duban ƙananan ƙarafa, likita ya ce masa ya riƙa samun rana guda a mako yana kallon nesa. Wani mai kawo masa gyara ya ja shi kulob. Ya je don ya kalli nesa, ya dawo da sandar fatsa ta aro da kifi biyu a leda, daga nan kuma magana ta ƙare. Waɗanda suka san shi a lokacin sun ce ba a yi mayen kifi irinsa ba. Duk abin da ya kama sai ya hau ma'auni, sai an ɗauki hoto, ko da kuwa kifin da ba a ci ne.

A bangon ɗakin shan shayi akwai zarto a rataye. Zarton kifi ne, wanda ke fitowa daga goshinsa, ya fi mita ɗaya tsawo, da haƙora jere a gefe biyu. Ya bushe ya yi kalar tsohon ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai ɗan farantin tagulla da sunan Sikandar da watan Afrilu na 1983, a gefe kuma hoto. Baƙi na son wannan bango, har su tsaya su ɗauki kansu a gabansa. Ustad kuwa kullum kujerar da ke fuskantarsa yake zama, ya sha shayinsa yana kallonsa, kamar mai shan magani.

Abin ya faru ne ranar Juma'a, don a wancan zamanin Juma'a ce ranar hutu. Ya fita da jirgin Punhal, masunci ɗan ƙauyen da ke gaba da kulob, sa'ansa ne a haihuwa. Wajen hantsi, a wata kwana inda itatuwan timar ke tsaye cikin ruwa, wani abu ya ɗauki ƙugiyarsa. Bai gudu da zare yadda manyan kifaye ke yi ba. Ya lafe a ƙasa, sai bakin sandar ya fara kaɗawa, dama, hagu, dama, hagu. Punhal ya ce mai zarto ne, haka yake sara da kansa. Sikandar ya duba agogo, don shi komai sai ya duba agogo. Sa'a uku da minti goma ya yi yana ja kafin kifin ya taso, ya gaji har ba ya iya kaɗa wutsiya. Suka ɗaure shi da igiya suka jawo shi bakin kulob. Sai da mutum goma sha biyu suka taru kafin aka hawar da shi kan dandamalin siminti da ke gaban ma'auni.

Ƙauyen kaf ya fito kallo. Aka aika Saddar aka ɗauko mai hoto. Ana cikin gyara wa Sikandar tsayuwa, sanda a hannu, ƙafa ɗaya a kan kifin, sai mata suka fara salati. Ashe mace ce, kuma da tsohon ciki. Wahalar ja da zafin siminti suka sa ta fara zubo 'ya'yanta. Suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne tsawon hannun mutum, kowanne da ɗan zartonsa, zarton kuma a lulluɓe cikin wata fata mai laushi. Wata tsohuwa daga ƙauyen ta durƙusa ta taɓa ɗaya, ta ce, "Ikon Allah. Ya sa wa zartonsu kube don kada su yanki uwarsu."

Mai hoto ya ce kada kowa ya motsa. Sikandar bai motsa ba.

Ruwa bai fi taku ashirin daga inda yake tsaye ba. Ya sha auna wannan tazarar daga baya. Kafin a gama hoto na uku shirwa ta sure ɗaya, yara sun gudu da biyu. Da hankalinsa ya dawo ya wawuri bokiti ya kwashi uku ya ruga bakin ruwa, ya zuba su, suka juya cikinsu sama, igiyar ruwa ta dawo masa da su gaban ƙafa. Goma sha ɗaya ne duka. Idan ka matsa kusa da hoton bangon nan, a can ƙasa wajen takalminsa na hagu za ka ga ɗan zarto ya leƙo cikin hoton. Idan ka ɗaga ido sama kuma za ka ga Sikandar yana dariya har haƙoransa a waje.

Tun daga ranar ba a sake ganin mai zarto a mashigin nan ba. Masu fatsa ba su gani ba, masu koma ba su gani ba, Punhal da ke kan ruwan kwana shida a mako bai gani ba. Shekarun farko Sikandar bai lura ba. Da aka shekara biyar ya fara tambaya. Da aka shekara goma ya daina tambaya a fili, sai dai duk jirgin da ya dawo ka ga ya miƙe ya je ya leƙa cikinsa. Abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne: wataƙila ita ce ta ƙarshe a ruwanmu, da ita da goma sha ɗayan nan, kuma shi ya ƙarar da su yana dariya.

Ni dai a ganina ya ɗora wa kansa kayan da ba nasa kaɗai ba. Masana'antu sun shekara hamsin suna zuba ƙazantarsu a mashigin. Masu koma mai ƙananan idanu sun tace ruwan har ƙwai ba su bari ba. An sare timar an yi gidaje. Duk an gaya masa haka. Mahrukh ma, malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata, mace ta farko da ta shiga kulob, wadda ke kiransa Chacha, wato kawu, ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla, har ta ce an ji labarin an ga irinsa a can yamma wajen Makran.

"Na sani, 'yata," in ji shi. "Amma a nan dole akwai ta ƙarshe, kuma dole wani ne ya kama ta."

"To Chacha, a sauke zarton nan mana. Me ya sa kake zama kana kallonsa?"

"In aka sauke shi sai a ce ba a yi ba."

Sau biyu kwamiti na kawo maganar saukewa, sau biyu yana hanawa. Dandamalin simintin nan kuwa, wanda yanzu ba a ɗora masa komai sai kujerun roba, bai sake taka shi ba. Hanyar jirgi ta kansa ta bi, amma shi sai ya zagaya ta cikin laka, takalmi a hannu. Ya taɓa gaya wa Punhal cewa in rana ta take, simintin ya yi zafi, yana jin ƙarar faɗuwar 'ya'yan kifin a kai, tim, tim, kuma bakinsa kan fara ƙirgawa ba da saninsa ba. Punhal bai yi masa dariya ba, don shi ma yana wurin.

Daga wannan ne teburin ya samo asali. Ya fara da nasa ƙugiyoyin, ana yi masa ba'a. Ya bi mutane ɗaya-ɗaya har aka mayar da abin doka. Ya sa aka daina amfani da ƙugiyar da ba ta tsatsa, don in zare ya tsinke ta ruɓe ta faɗi daga bakin kifi. Ya sa aka kafa ƙa'idar kifi biyu kowane mutum ya kai gida, saura a sake su a cikin ruwa. Sai kuma dokar da ta fi jawo rigima: kifin da aka ja minti arba'in bai taso ba, a yanke zare. Hujjarsa ita ce bayan wannan lokacin ko ka sake shi gawa ka saka, in mai ciki ce kuma ta zubar. Rustam ya yi tsalle ya dire, ya ce wannan ba fatsa ba ce, jarrabawar makaranta ce. An yi shekara biyu ana ja kafin doka ta zauna. Tun daga nan kowane jirgi da mai riƙe agogo, jirgin da Ustad ya hau kuwa nasa agogon aljihu ake bi, wanda bai taɓa ƙara ko rage minti ba.

Bara idon ya juyo masa. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama likita ya ce shekara ɗaya, in an yi sa'a biyu, kuma ba irin wanda aiki ke gyarawa ba ne. Ya rufe shago ya bar wa ɗan 'yar'uwarsa. Teburin bai rufe ba, don ya ce haƙorin ƙugiya yatsa ma na gani. Amma ya fara shiga jirgi kowace Lahadi, abin da ya daɗe da ragewa, kuma ba ya riƙe sanda. Gaban jirgi yake zama yana kallon ruwa. Kowa ya san abin da yake nema, ba wanda ya furta. So yake ya ga guda ɗaya da rai kafin duhu ya rufe.

Lahadi ta biyu a watan Afrilun bana suka fita su huɗu: shi, da Punhal a wajen inji, da Rustam, da Mahrukh. Ruwa na cikowa, ya yi kalar shayi mai madara, ko tafin hannunka ka tsoma ba za ka gani ba. Suka ci gurasar paratha da ƙwai, Rustam na ta mitar an cika barkono. Punhal ya kashe inji a wata kwana da sauran timar. Ba ainihin kwanar nan ba ce, waccan yanzu akwai katangar wata ma'aikata a kanta, amma ba su da nisa.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata sandar Mahrukh ta lanƙwashe.

"Dutse kika kama, Malama," in ji Rustam. "Ja a hankali kada ki tumɓuke Karachi."

Ustad ya danna agogo kamar kullum. Zaren bai gudu ba. Abin ya lafe a ƙasa. Can sai bakin sandar ya fara kaɗawa, dama, hagu, dama, hagu.

Ustad ya ɗago kai. Ya juya wajen Punhal, ya tarar Punhal shi yake kallo, sigari na ci a yatsunsa ya manta da ita.

"Ustad," in ji Punhal.

"Na gani. Yi shiru."

Ya rarrafo daga gaban jirgi ya ɗora yatsu biyu a kan sandar, can sama da hannun Mahrukh, ya rufe ido. Bugun ya shigo masa ta yatsu har kafaɗa. Shekara arba'in da ɗaya rabonsa da wannan bugun, amma hannunsa ya gane shi nan take. Tsoro ya kama shi, da wani farin ciki da ya ji kunyar sa.

"Chacha, mene ne?"

"Riƙe dai, 'yata. Kada ki fizga. In ya ja ki ba shi, in ya saki ki naɗe."

Rustam ya daina wasa. Ya ce ai manyan kifayen nan masu faɗi kamar faifai su ma haka suke lafewa a ƙasa, kada a sa rai. Minti ashirin, abin bai ɗaga ba. Minti talatin, gumi ya jiƙa mayafin Mahrukh, ta samu ta naɗe zare kamu biyu, ya ƙwace ɗaya. A minti talatin da bakwai ta ce, "Yana tasowa! Chacha, wallahi yana tasowa!" Can gefen jirgi, tazarar taku goma, ruwan ya yi wani kumburi mai faɗi ya baje, laka ta taso baƙa. Ustad ya kafa idonsa ɗaya a wurin har hawaye ya zubo. Ba a ga komai ba sai laka.

Agogo na tafin hannunsa na hagu. Ya kawo shi daf da fuska ya duba. Minti arba'in.

Rustam ya miƙo hannu ya rufe fuskar agogon da tafinsa.

"Sikandar," ya ce, kuma rabon da ya kira shi da sunansa tsura har an manta. "Agogon nan naka yau sauri yake. Ni ne sakatare, na ce sauri yake."

"Bai taɓa sauri ba."

"To yau ya fara. Haba mutumin nan! Gani ya kori ji. Minti goma kawai, ka gan shi da idonka, mu cire ƙugiya ya tafi abinsa. Mu huɗu ne a nan, wa zai faɗa?"

"Ustad, ya gaji," in ji Punhal a hankali. "Minti goma, in ya yi yawa sha biyar. Na san ruwan nan."

"Chacha, zan iya. Don Allah bar ni in fito maka da shi."

Ya so. Kada wani ya ce bai so ba. Ya so fiye da yadda ya taɓa son komai, har ya ji bakinsa na shirin cewa to. Minti goma ne tsakaninsa da sauke kayan shekara arba'in. Amma kalmar Punhal ta tsaya masa a kunne. Ya gaji. Haka aka ce a wancan karon ma. Kuma watan Afrilu ne. Sai ya ji bakinsa ya fara ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, ga shi kuwa ba siminti a kusa.

"Punhal, wane wata muke?"

Punhal ya sunkuyar da kai.

Ustad ya zare hannunsa daga na Rustam, ya sa agogo a aljihu, ya ciro awartakin nan nasa. Ya kwanta da ƙirji a gefen jirgi, ya bi zaren da hannu har cikin ruwa iya inda hannunsa ya kai, don kada ya bar wa kifin zare mai tsawo. Ya ji bugun sau biyu a tafinsa, dama, hagu. Ya datse.

Sandar ta miƙe. Mahrukh ta zauna daɓas ta fashe da kuka. Rustam ya juya baya yana zagin barkonon paratha, wai shi ya sa masa ƙwalla. Ustad ya daɗe a kwance a wurin, hannunsa cikin ruwa, yana kallon lakar tana kwantawa. Ruwan ya koma kalar shayinsa. Babu abin da ya taso.

Suka kama hanyar dawowa har aka hango rufin kulob. Punhal ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Da ka bari minti goma."

"Na taɓa bari," in ji Ustad.

Akwai baƙin allo a ƙofar ɗakin shayi inda kowa ke rubuta abin da ya kama: suna, da irin kifi, da ko an sake shi. Mahrukh ta ɗauki alli ta rubuta sunanta, ta rubuta an sake shi, sannan ta tsaya a layin tsakiya.

"Chacha, me zan sa a nan?"

"Sa mai zarto," in ji Rustam. "Ni shaida ne. Punhal shaida ne."

"Ka gani?" in ji Ustad.

"Kai fa ka ji a hannunka!"

"Ka gani, Rustam Bhai?"

Rustam ya kawar da kai.

"Rubuta ba a gani ba, 'yata."

Haka ta rubuta, kuma har yau ba wanda ya goge layin, ana zagaye shi da alli ana rubutu a ƙasansa. Ustad ya wuce ciki ya zauna a kujerarsa, aka kawo masa shayi. Ya ɗaga kai wajen bango. Daga kujerar nan yanzu ba ya iya ganin hoton, zarton ma sai dai inuwarsa.

Da ya tashi tafiya ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya zagaye dandamalin ta cikin laka kamar kullum. A tsakiyar hanya ya tsaya, ya juya wajen ruwa. Punhal na ɗaure jirgi.

"Punhal. Ƙugiyar Malama, ni na danne ta da safe ko?"

"Kai ka danne, Ustad. A gabana ka soka ta a riga."

"Ta ja zare?"

"Ba ta ja ba."

"To kafin jibi za ta faɗi daga bakin mai zarton," in ji Ustad. Ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "In ita ce."